Contra ya gagare ni a mataki na shida: hannuna ne ya yi sanyi ko na'urar ce?

Telan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan wani tsohon wasan bidiyo, kuma zan ɗan tsawaita bayani domin mai amsawa ya gane ainihin inda abin yake yi mini ciwo.

Wata biyu da suka wuce na shiga Adum, cikin garin Kumasi, sayen zare da allurar keke, sai na tarar da wani mai shago yana gwada wata 'yar ƙaramar na'ura da ake soka wa a bayan talabijin, wadda take zuwa da hannun wasa guda biyu marasa kebul, cikinta kuwa maƙare da tsofaffin wasanni. Ba ganin na'urar ne ya tsayar da ni ba, kiɗan Contra ne da na ji yana tashi daga shagon. Duk wanda ya yi yarinta a Zangon Kumasi a shekarun 1990 ya san wannan kiɗan. A layinmu akwai wani gida da suke da na'ura mai kaset rawaya, mukan haƙura da koko da ƙosan safe mu adana kuɗin, da yamma mu jeru a kan benci muna jiran layi ya zo kanmu. Ina tunawa sarai cewa ni da ɗan baffana mun sha gama matakai takwas ɗin nan a zama ɗaya, tsakanin la'asar da kiran magariba.

Na saya na kawo gida da nufin in nuna wa ɗana mai shekara 11 abin da muka yi yayi. Yanzu kusan kullum bayan na rufe shago mukan zauna minti talatin ko arba'in. Mataki na farko zuwa na huɗu ba sa ba ni wahala sosai. A mataki na biyar, wato filin ƙanƙara, tankokin nan masu ƙayoyi a gaba suna cinye mini rai ɗaya ko biyu tare da bindigata mai kyau, saboda haka nakan shiga mataki na shida da ƙaramar bindiga da ragowar rai guda. A nan ne bututun da suke feso wuta suke ƙarasa ni. Abin da ya fi damuna shi ne ina ganin wutar, na san za ta fito, na danna maɓallin tsalle a lokacin da idona ya ce in danna, amma sai in ga mutumin nawa ya riga ya kife. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Tambayoyina su ne: shin shekaru ne suka rage mini zafin nama, tun da yanzu na haura arba'in, ko kuwa akwai wani abu a na'urar da ban gane ba? Sannan ta wace hanya ake wuce wutar nan? Na san akwai sirrin da ake dannawa a samu rai 30, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, domin ba na son yaron ya tashi da tunanin cewa duk abin da ya yi wuya ana zagaye shi ne ta bayan gida. Wanda ya san wasan nan ya taimake ni da shawara. Na gode.

Mai Gyaran Talabijin, Alabar:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ɗora wa shekarunka laifi, bari in yi maka bayanin abin da na sani ta fuskar sana'ata, domin na daɗe ina buɗe bayan talabijin tun zamanin masu tozo, kuma irin na'urar da kuka yi wasa da ita kuna yara ta sha biyowa ta teburina.

Wasan da kake yi yau ya fi wanda ka yi a da sauri, kuma wannan ba zato ba ne. Kamfanin Konami na ƙasar Jafan ya fitar da Contra a gidajen wasa a 1987, sannan ya fito a na'urar gida ta Nintendo a 1988, an kuma tsara shi ne don talabijin ɗin Jafan da Amurka, waɗanda suke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Mu a Gana talabijin ɗinmu na tsarin PAL ne, wanda yake sauya hoto sau 50. Na'urorin masu kaset rawaya da suka cika kasuwanninmu a lokacin ba na Nintendo ba ne na asali, kwaikwayo ne, kuma mafi yawan waɗanda na gyara an yi su ne su dace da 50 ɗin nan. Tun da wasan yana ƙirga motsinsa da yawan hotuna ne, sai komai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida: gudun soja, tafiyar harsashi, fitowar wuta, har da kiɗa. 'Yar na'urar da ka sayo a Adum kuwa manhaja ce a ciki take kwaikwayon tsohuwar na'ura, kuma galibi a kan 60 take tafiya. Ga gwaji mai sauƙi: ka rufe ido ka saurari kiɗan mataki na farko. Idan ka ji kamar ana gaggawa da shi fiye da yadda yake a kunnenka tun yarinta, to ka samu amsa ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan cutarwa, shi ne jinkirin da ke tsakanin yatsanka da abin da ya bayyana a fuskar talabijin. Tsohuwar talabijin mai tozo tana zana hoto ne nan take da saƙon ya iso mata. Ta bango ta zamani kuwa sai ta karɓi hoton, ta gyara launinsa, ta faɗaɗa shi ya cika fuska, wani lokacin ma ta ƙirƙiro hoton tsakiya don motsi ya yi santsi, sannan ta nuna maka. A kallon ƙwallo ko labarai ba wanda zai lura. A wasan da harsashi ɗaya yake kashe mutum, nan ne rayukanka suke zubewa. Ka lissafa da kanka: hoto ɗaya a kan 60 bai kai kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, to idan talabijin ta riƙe 'yan hotuna, hannun wasa mara kebul ya ƙara nasa, manhajar da ke cikin na'urar mai rauni ita ma ta ƙara nata, har suka taru suka kai shida, ka yi asarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke nan. Wutar da idonka yake gani tana shirin fitowa ta riga ta fito a cikin na'urar. Abin da ka kwatanta, cewa ka danna a kan lokaci amma mutumin ya kife, shi ne ainihin alamar wannan ciwon.

Ka shiga saitin hoto na talabijin ɗinka ka nemi wanda aka ware don wasa, yawanci an rubuta Game a wurin, ka kunna shi, sannan ka kashe duk wani saitin santsin motsi da na rage dusar hoto. Ka duba ko na'urar tana da ramin USB da zai karɓi hannu mai kebul, idan tana da shi ka nemo ɗaya ko da na hannu ne. Idan dole sai mara kebul, ka sa sababbin batura, kuma ka jawo ɗan abin da ke karɓar saƙon ya fito daga bayan talabijin ya fuskance ka. In kana son ka gani da idonka, ka sa yaron ya ɗauki bidiyon babban yatsanka da fuskar talabijin tare, da saitin da waya take rage gudun hoto, kafin gyara da bayan gyara. Wasu daga cikin manhajojin nan suna da wurin zaɓar 50 maimakon 60, amma ni ban ba ka shawarar ka koma can ba. Ka kawar da jinkirin tukuna, saurin kuwa hannu yana sabawa da shi cikin 'yan kwanaki.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani game da kaset ɗin nan masu rubutun wasanni ɗaruruwa a jiki: 'yan wasanni kaɗan ne ake maimaitawa, kuma Contra yakan fito sau da yawa a jerin, wani da rai 30 tun daga farko, wani da bindiga mai ƙarfi da ake kira S a hannu. Yara sukan zaɓi lambar da manya suka nuna musu ba tare da sun san an taɓa ta ba. Ba na cewa haka aka yi a gidan da kuka yi wasa, amma ka tambayi ɗan baffan naka ko yana tuna rai nawa kuke farawa da shi.

Uwar Biyu, Asawase:

Malam Tela, sannu da ƙoƙari. Ni ma na yi wannan wasan da yayyena maza, kuma har yau nakan yi shi da 'ya'yana idan an yi hutu. Ni a ganina matsalarka ba a mataki na shida ta fara ba, a na biyar take, kai da kanka ka faɗa. Wanda ya shiga wurin wutar nan da rai ɗaya jikinsa yana rawa yake shiga, mai rawar jiki kuwa gaggawa yake yi, ita kuma wutar mai gaggawa take ci.

Saboda haka ka kula da bindigarka kamar yadda kake kula da almakashinka. Kowace bindiga da harafinta take faɗowa a ɗauka, S kuwa ita ce uwar bindigogi a wasan nan, tana watsa harsashi biyar kamar mafici, kuma tana fitowa tun a mataki na farko. Da zarar ka same ta, kada ka ƙara ɗaukar kowane harafi don kawai ya faɗo a gabanka. F tana tafiya tana murɗawa a hankali, L kuma tana da ƙarfi amma duk lokacin da ka sake danna harbi hasken farko yakan ɓace, ga shi kuwa mu mun saba da danna maɓalli ba ƙaƙƙautawa. Sau da yawa na ga yara sun harbo abin da ke shawagi a sama, harafin ya faɗo daidai kan hanyarsu, suka taka shi da gudu suka yi asarar S ba tare da an kashe su ba. Wanda ba ka buƙata, ka bar shi ya wuce abinsa.

Game da tanka, kada ka tare shi a tsakiya. Da ka ji alamar zuwansa ka koma can ƙarshen hagu ka tsaya ka yi ta harbi da iyakar saurin yatsanka. Launinsa yana sauyawa yayin da yake jin jiki, kuma idan ba ka gama da shi da wuri ba zai taho ya murƙushe ka a jikin bango, don haka ba wurin ɓata harsashi a kan kowa ba ne.

Sannan ina tambaya: ku biyu kuke yi tare ko kuna karɓa-karɓa? Idan tare ne, to ka sani wanda rayukansa suka ƙare yana iya ɗaukar rai daga na abokinsa ya dawo, kuma yaro ba ya iya haƙurin zama yana kallo. A mataki na uku ma, inda ake hawan dutse mai ruwa, wanda ya yi gaba da sauri yakan ja hoton sama ya bar na ƙasa ya mutu. Yayana ya sha yi mini haka har in yi kuka. Ku yi yarjejeniya tun kafin a fara: ba mai hawa sai ɗayan ya iso, ba mai ɗaukar rai sai ya nemi izini.

Ɗan Sawaba:

Kawu, ina gaisuwa. Ni ban riski zamanin kaset ba, a kwamfuta na koyi wasan, cikin tarin da Konami ya sake fitarwa a 2019, amma na gama shi ba tare da sirrin ba, don haka zan faɗi abin da ya yi mini amfani, musamman a kan tambayarka ta ƙarshe.

Sirrin nan, wato sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, ba ɓarayi ne suka ƙirƙiro shi ba. Wani ma'aikacin Konami mai suna Kazuhisa Hashimoto ne ya saka shi a 1986 lokacin da yake mayar da wasan Gradius zuwa na'urar gida, saboda wasan ya yi masa wuyar da ba zai iya bi ya gwada shi har ƙarshe ba. Ka ga ke nan asalinsa kayan aiki ne na mai son ya ga abin da ke gaba ya nazarce shi. Ni haka na ɗauke shi. Irin waɗannan wasannin sun samo asali ne daga gidajen wasa inda kowace mutuwa take nufin a sake jefa kwabo, shi ya sa aka gina su a kan tarkon da ba ya ganuwa sai mutum ya faɗa sau ɗaya. To da rai uku da damar ci gaba sau uku, sai ka yi kusan minti goma sha biyar kana maimaita abin da ka riga ka iya, don kawai ka samu 'yan daƙiƙoƙi a wurin da ba ka iya ba. Ba a koyon abu a haka. A makarantar allo ba a ce wa yaro ya koma farkon izu duk lokacin da ya yi tuntuɓe a aya guda. Wurin da ya kakare ake sa shi ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan ya haɗa da na baya ya kawo hadda gaba ɗaya. Ka yi amfani da rai 30, ko kuma wurin ajiye wasa idan na'urarka tana da shi, ka mayar da mataki na shida allonka na mako guda. Ranar da ka wuce shi sau uku a jere ba mutuwa, sai ka ajiye sirrin ka faro daga farko da rai uku. Idan yaron ya ga haka, ba zagaye zai koya ba, bita zai koya.

Ita wutar kanta ba ta son gudu. Wasu bututun suna tashi ne idan ka matso kusa, wasu kuma suna da lokacinsu da suke bi ko kana nan ko ba ka nan. Waɗanda suke sauko da wuta daga sama a bakin rami su ne suka fi kisa, domin mutum yakan yi tsalle ya haɗu da ita a iska inda ba shi da ikon komawa. Ka taka a hankali zuwa bakin ramin har ta fito, ka tsaya ka kalle ta ta kai iyakarta, sannan ka yi tsalle a lokacin da ta fara janyewa, ba bayan ta ɓace ba. Masu fesowa ta gefe kuma, ka lura da tsayin bakin bututun kafin ka hau dakalin da yake kallo, sau da yawa kwanciya a ƙasa ko dakatawa a dakalin ƙasa ya isa. Kada ka ja hoton gaba fiye da buƙata, domin duk taku ɗaya da ka ƙara yana buɗo sabon maharbi alhali ba ka gama da na baya ba.

Bos ɗin matakin, wato babban abokin gaba da ke ƙarshensa, ƙato ne mai sulke, yana jefo faifai masu bin ƙasa, yana kuma tsalle. Ka tsallake faifan, ka bi ta ƙarƙashinsa idan ya tashi sama, kada ka bari ya matse ka a lungu. Shi ma launinsa yana sauyawa idan ya kusa faɗuwa. Da S ka ɗan matso kusa da shi, saboda wasan yana da iyakar harsasan da za su kasance a fuska lokaci guda, idan suna isa jikinsa da wuri sai ka samu damar sake harbi da wuri, kuma duka biyar ɗin suna shiga.

Uwar Biyu, Asawase:

Ɗana na Sawaba ya yi bayani mai kyau, sai dai ban yarda cewa komai hadda ba ne. Bindigogin da ke kafe da bututun wuta suna nan inda suke kullum, wannan gaskiya ne, amma sojojin nan masu gudu ba su da tsayayyen lokaci, suna iya ɓullowa ta bayanka daidai lokacin da ka tsaya kana jiran wuta ta janye. Wanda ya dogara da hadda kaɗai ya kafe idonsa a kan bututu, ta baya ake cin sa. Idan kun tsaya jira, ɗaya ya juya baya yana gadin hagu. Wannan aikin ya dace da yaron, kuma zai ji cewa da shi ake yi.

Telan Aboabo:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na jinkirta amsa ne domin in gwada tukuna.

Yaya na Alabar, maganarka ta tabbata. Na sami saitin wasan a talabijin, ashe a kashe yake tun ranar da aka kawo ta, kuma da na kunna shi na yi tsalle ɗaya a mataki na farko na ji bambancin a yatsana kafin ma in gani da ido, kamar lokacin da aka ɗaure bel ɗin keken ɗinki da ya saki. Na kira ɗan baffana da yake Tamale yanzu, ya ce shi abin da yake tunawa lamba ta bakwai muke zaɓa a kaset ɗin, kuma rayukanmu ba sa ƙarewa da wuri. Don haka ina kyautata zaton da rai 30 muka yi ta gamawa muna yara ba mu sani ba.

Na bi shawarar bita kamar yadda ɗana na Sawaba ya tsara. Daren jiya na wuce bututun wuta duka sau biyu ba mutuwa, yaron yana gadin baya kamar yadda Hajiya Uwar Biyu ta ce, har ya harbe sojoji biyu da suka biyo mu ta hagu ina tsaye a bakin rami. Ƙaton ne ya kashe ni sau huɗu, domin har yanzu ina tsallake faifan farko in sauka a kan na biyu. Hannu mai kebul ban samu ba tukuna, wanda na gwada a wani shago na'urar ba ta gane shi ba. Yaya, idan na kawo maka na'urar Alabar ranar Asabar bayan azahar, za ka iya duba mini irin wanda zai shiga?

Mai Gyaran Talabijin, Alabar:

Ka kawo ta ƙanena, ina nan har la'asar. Ka haɗo da abin cajinta da hannayen biyu, domin wani lokacin ƙarancin wutar da take samu daga ramin talabijin shi ma yana sa ta yi nauyi, sai mu gwada ta da caja ta daban. Akwai wata tsohuwar mai tozo a shagon da mai ita bai dawo ya karɓa ba, tana aiki lafiya, idan na'urarka tana da hanyar haɗuwa da ita za mu jona ka ji yadda tsallen yake a can. Ka taho da yaron.